Rumbun gas ya yi tsami: shin garin gawayi zai tashe shi?

Malam Haruna, Gadarif: Assalamu alaikum jama'a. Ga matsala ina neman bakin masana a kai. Rumbun yin gas daga kashin shanu ne na wani gida, mai ƙubba, na ƙarƙashin ƙasa, mita 6 kubik, ruwan da ke cikinsa kusan mita 4.5 kubik. Ana zuba masa kilo 50 na ɗanyen kashin shanu da lita 50 na ruwa kullum, gas yana isar girkin rana da na dare. Da anbuba, wato tukunyar gas ta saye, ta yi wuya, faham, wato gawayin girki, kuma ya yi tsada, sai masu gidan suka shiga ƙara masa molas, wato baƙin ruwan rake da ke ragewa a masana'antar sukari, wajen kilo 10 a rana, da ragowar asida da ƙullun kisra. Da farko gas ya ƙaru sosai. Yanzu bututu cike yake da iska amma wuta ba ta kamawa, in ta kama ma sai ta ɗaga daga bakin murhu ta mutu. Abin da ke fita ta baya ya yi fari-fari, yana kumfa, yana warin tsami. An ba su shawara su zuba garin gawayi, wai yana sa ƙananan ƙwayoyin halittar da ke yin gas a rumbun su miƙa wa juna lantarki. Akwai gaskiya a ciki?

Injiniya Bashir, Sinnar: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga gawayi, a dakatar da molas ɗin yau ɗin nan. Mu yi lissafi. Kilo 50 na ɗanyen kashi, kashi 80 cikin 100 ruwa ne, abin da ƙwayoyi za su iya taɓawa bai wuce kilo 8 ba. In ka raba da 4.5, kilo 1.8 ke nan ga kowace mita kubik a rana, daidai ƙarfin rumbun gida. Kilo 10 na molas kuwa yana ɗauke da kilo 6 zuwa 7, yawancinsa sukari ne da ke narkewa cikin awoyi kaɗan. An kusa ninka masa kaya, kuma da abin da ba ya jira. Iskar da ta cika bututun kabon dayoksaid ce. Gas mai lafiya metan ɗinsa, wato iskar da ke kamawa da wuta, kashi 55 zuwa 65 ne, in ya sauka ƙasa da 45 wuta sai a hankali.

Ga yadda za su auna ba tare da na'ura ba. A sami babban sirinji mai mil 60, wato mililita, a zuƙi mil 50 na gas, sannan a zuƙi mil 10 na ruwan sodar yin sabulu, a toshe bakin, a girgiza. Sodar za ta shanye kabon dayoksaid, hannun sirinjin zai shige ciki da kansa. In gas ɗin da ya rage mil 30 ne, metan kashi 60 ke nan. A sa safar hannu, sodar tana cin fata, kuma a kiyaye ido.

Dakta Maryam, Kasala: Abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Bari in ƙara dalilin, don daga nan ne za a gane inda gawayi ya shigo.

Aikin rumbu hawa huɗu ne. Wasu bakteriya suna farfasa ciyawar da ke cikin kashi ta koma sukari. Wasu su mai da sukarin asid iri-iri: asitet, firofiyonet, butiret, da barasa. Na uku su karɓi firofiyonet da butiret su mai da su asitet da haidirojin. Na ƙarshe su ne masu yin metan, su kuma ba bakteriya ba ne, wani jinsi ne daban da ake kira akiya, wanda Carl Woese ya ware a 1977. Kusan kashi biyu cikin uku na metan daga asitet yake fitowa, ta hannun Methanosarcina da Methanothrix. Sauran daga haɗa haidirojin huɗu da kabon dayoksaid ɗaya.

Wuyar tana hawa na uku. Duk ƙwayar da ta ci abu dole ta sami inda za ta sauke elektiron, wato 'yan ƙwayoyin lantarkin da ta cire daga cikinsa. Mu iskar numfashi ce ke karɓe mana, a rumbu kuwa babu ita. Don haka mai cin firofiyonet, irin su Syntrophobacter, sai ya ɗora elektiron ɗinsa a kan haidirojin ya fitar. To amma wannan aikin a yanayin da aka saba aunawa ba ya ba da riba, cin ƙarfi ma yake yi, wajen kilojul 76 ga kowane mol. Ba ya zama mai riba sai in haidirojin da ke kewaye ya yi ƙasa ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin 10,000 na matsin iskar duniya ko ƙasa da haka. Wa zai riƙe shi a can ƙasa? Mai yin metan da ke maƙale a gefensa yana zuƙewa nan take. Kamar leburori ne masu miƙa kwanon siminti a kan tsani: na sama ya daina karɓa, na ƙasa dole ya tsaya da kwano a hannu.

Da aka zuba molas, masu yin asid suka ninka kansu cikin awoyi, suka cika rumbun da haidirojin da asid. Methanothrix kuwa kwanaki yake ɗauka kafin ya ninku sau ɗaya. Haidirojin ya hau, masu cin firofiyonet suka tsaya, firofiyonet ya taru, pH, wato ma'aunin da ke sauka in tsami ya ƙaru, ya faɗi ƙasa da 6.5, masu metan suka ƙara raunana, haidirojin ya ƙara hawa. Haka abin ke cin kansa.

Zainab, Wad Madani: Anti Maryam, ashe ke nan haidirojin ɗin ba shi ne abin nufi ba, ɗan aike ne kawai mai ɗauke da elektiron?

Dakta Maryam: Haka ne, Zainab. Shi da wani ƙaramin asid mai suna fomet, su biyu ke wannan aiken. An gano haka a 1967, lokacin da Bryant da Wolin da Wolfe suka nuna cewa ƙwayar da aka daɗe ana kira Methanobacillus omelianskii ashe ƙwayoyi biyu ne a haɗe, ɗaya tana cin barasa ta fitar da haidirojin, ɗayar tana karɓa ta yi metan. In ka raba su, ta farkon da ƙyar take girma.

Sai a 2010 ɗakin binciken Derek Lovley a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka ya nuna cewa wasu ƙwayoyin ba sa buƙatar ɗan aike. Jinsi biyu na bakteriyar Geobacter suka dunƙule wuri ɗaya, elektiron yana bi ta wasu siraran zaruruwa da furotin masu ɗauke da ƙarfe daga wannan zuwa wancan kai tsaye. Shi ne ake taƙaitawa da DIET. A 2014 Rotaru da abokan aikinta suka nuna Geobacter metallireducens yana yin haka da Methanothrix, da kuma Methanosarcina barkeri. Wannan ya ba mutane mamaki, don an ɗauka Methanothrix asitet kaɗai ya sani, sai ga shi yana karɓar elektiron yana mai da kabon dayoksaid metan. A 2012 kuma an nuna cewa in ka sa gawayin tace ruwa na masana'anta, ko garin baƙin ƙarfen maganaɗisu wato magnetait, ƙwayoyin suna maƙalewa a jikinsa, shi ya zame musu waya. Daga nan maganar gawayin ta samo tushe. Ba tatsuniya ba ce.

Ustaz Adamu, Damazin: Dakta, da izininki zan ja da ke kaɗan. Tushen gaskiya ne, amma abin da ake ɗora masa ya fi ƙarfinsa. Gwaje-gwajen nan da suka fi tsafta an yi su ne a kwalba, da ƙwayoyi biyu zaɓaɓɓu, abincinsu barasa. Dunƙulen da aka fara samun yana wuce lantarki a babban rumbu ma na tace ruwan masana'antar giya ne, inda barasa ta yi yawa. Rumbun kashin shanu wata duniya ce. Abin da ke jan ƙafa a cikinsa farfasa ciyawa ne, hawa na farko, shi kuma gawayi bai da abin da zai yi masa. Sannan in an zuba gawayi gas ya ƙaru, ta ina aka san lantarki ne? Gawayi yana da ramuka da ƙwayoyi ke fakewa, yana riƙe wasu gubobi, tokar jikinsa tana rage tsami. Ko ɗaya daga cikin ukun nan zai iya ƙara gas. Hatta su zaruruwan ba a gama magana a kansu ba: a 2019 masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna cewa wasu daga cikinsu jerin furotin ne masu ƙarfe, ba irin gashin da aka zata da farko ba.

Dakta Maryam: Ban musa ko ɗaya ba, Ustaz. Inda nake tsaye shi ne rumbun Malam Haruna yanzu ya tashi daga rumbun kashi zalla. An ba shi sukari, kuma sukari yana haifar da barasa da firofiyonet, wato ainihin wurin da miƙa elektiron ke zama ƙulli. A irin wannan hali ne rahotanni da yawa suka nuna gawayi yana rage jinkirin farfaɗowa. Sai dai in pH ya riga ya sauka wajen 5.5, waya ba ta da amfani tunda mai karɓa ya suma.

Alhaji Sale, Mai Wurno: Masu ilimi, ku yi mana afuwa, mu magina muna so mu ji abin da za a yi da hannu gobe da safe.

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe, ga shi. A daina zuba komai, har kashin, na tsawon mako guda. A auna pH na abin da ke fita ta baya, ko da takardar gwaji ce. In ya haura 6.5, haƙuri kaɗai zai iya isa. In yana ƙasa da haka, a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na abin da ke ciki, wato lita 1,100 zuwa 1,500, a maye gurbinsa da ruwan baya na wani rumbu mai lafiya. Sannan bikabonat, sodar nan ta yin burodi: kilo ɗaya a kowace mita kubik yana ƙara ƙarfin jure tsami da wajen miligiram 600 a lita. A narkar da ita a jardal, wato bokiti, a zuba rabin kilo ga kowace mita kubik a rana, ana aunawa, har pH ya zauna tsakanin 6.8 da 7.2. In an dawo da ciyarwa a fara da kilo 15 na kashi zalla, ana ƙara kilo 10 duk mako muddin wuta tana shuɗiya.

Kar a yi tsammanin sauri. Asitet yana saukowa da wuri, amma firofiyonet yakan yi makonni, don masu cinsa su ne mafi jinkirin girma. Mutane sukan ga wuta ta dawo su koma cika masa ciki, sai ya sake faɗuwa fiye da na farko.

Malam Haruna: Bikabonat mai yawa haka zai yi tsada. Kanwa fa, wadda ake sayarwa da sunan atrun? Ko farar ƙasa?

Injiniya Bashir: Kanwa za ta yi, don gishirin cikinta dangin bikabonat ɗin ne, amma ta fi kaifi kuma ba ka san yawan gishiri da yashin da ke ciki ba. A jiƙa, a tace, a fara da rabin awon da na faɗa. A tuna sodiyom ma guba ne in ya taru, daga giram 3.5 a lita ya fara takura masu metan, a giram 8 ya danne su. Farar ƙasa ni ba na son ta a rumbu mai ƙubba. Tana shanye kabon dayoksaid ta koma dutse a ƙasa, pH ya yi tsalle a inda ta sauka ya kashe na wurin, alhali sauran rumbun yana nan da tsaminsa.

Alhaji Sale: In ƙara nawa a kan kwashewar nan. Ƙasar Gadarif da ta Jazira baƙar laka ce, tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani har hannu ya shiga. Rumbun da aka rage wa ruwa da yawa a lokacin da lakar ta sha ruwa, matsin waje zai iya tsaga bangonsa. A kwashe kaɗan a mayar a ranar, kar a bar shi rabi ya kwana. Wanda zai gina sabo kuma ya zagaye bangon da yashi kamu ɗaya zuwa biyu kafin ya mai da laka. Ƙubba in ta yi tsaga irin ta gashi ba a gani da ido, sai dai ka ga ruwan ma'aunin matsi ba ya tashi. Kafin a zargi ƙwayoyi a shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar bututu, a kuma buɗe tarkon ruwa, don raɓar da ke taruwa a bututu ma tana sa wuta rawa.

Zainab: Baba Alhaji, na ji ana cewa abin cikin tumbin saniya daga mahauta ya fi komai tayar da rumbu. Ba zai maye gurbin ruwan wani rumbun ba?

Dakta Maryam: Bari in karɓi wannan. Abin tumbi yana da kyau wajen masu farfasa ciyawa, kuma cike yake da masu metan irin Methanobrevibacter da ke cin haidirojin. Amma saniya tana shanye asitet da firofiyonet ta bangon tumbinta, su ne abincinta, kuma abin ciki ba ya daɗewa har masu jinkirin girma su kafu. Don haka ainihin waɗanda rumbu mai tsami ke nema, masu cin asitet da masu cin firofiyonet, su ne suka yi ƙaranci a tumbi. Ruwan tsohon rumbu ya fi, musamman kaurin da ke ƙasa. A ɗauko shi a birmil, wato durom, mai murfi, a cika har baki, a zuba a ranar. Iskar numfashi guba ce ga masu metan.

Akwai abu ɗaya da ake yi da kyakkyawar niyya yana ɓata aiki, wato yawan juyawa. Tunda haidirojin ɗin da ake magana ɗan mitsitsi ne, ba ya kai wa nesa. Abokan aikin biyu sai sun zauna kusa da juna, tazarar 'yan maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma in tazarar ta ninka saurin miƙawar ya ragu da rabi. Shi ya sa suke dunƙulewa. In aka sa famfo ko injin juyawa mai ƙarfi sai a wargaza dunƙulen, ko ta haidirojin suke miƙawa ko kai tsaye. Juyawa a hankali na minti biyu ko uku, safe da yamma, ya isa ya fasa ɓawon da ke taruwa a sama.

Ustaz Adamu: To mu dawo kan gawayin, tunda dai za a zuba. Ba kowane gawayi ke wuce lantarki ba. Wanda aka ƙona a ramin ƙasa yadda ake yin na ɗalha da na bagaruwa, zafinsa sau da yawa bai wuce digiri 400 zuwa 500 ba, irin wannan kusan ba ya wuce komai. Sai ya kai wajen 700 zuwa sama. Duk mai gyaran rediyo yana da mitar da za ta nuna: a ɗora allurai biyu a kan gutsure ɗaya, tazarar yatsa. Mai kyau zai nuna adadi kaɗan, na banza allon ba zai motsa ba. Wanda ya ƙonu sosai yana da ƙara kamar kwalba in an buga shi, kuma ba ya hayaƙi.

Dakta Maryam: Gwajin yana da kyau, amma kar a jefar da wanda ya faɗi. A binciken 2014 da aka yi da gawayin tsiro, an samu bai kai na masana'anta wuce lantarki ba da wajen sau 1,000, duk da haka ya haɗa ƙwayoyin. Tazarar da elektiron zai bi ƙanƙanuwa ce, ba ya buƙatar waya irin ta gida. Ga wanda zai gwada: a daka gawayi ya zama kamar tsakin dawa, milimita 1 zuwa 3, a tankaɗe ƙurar, a jiƙa kwana biyu ko uku a cikin ruwan bayan rumbu don ya nutse. Busasshe yana tasowa sama ya haɗu da ɓawo ya toshe hanya. Giram 5 zuwa 10 a lita ya isa a fara, wato kilo 22 zuwa 45 a rumbun Malam, a raba shi cikin mako biyu.

Injiniya Bashir: Baƙin yashin bakin kogi da ke bin maganaɗisu ma an tambaye ni a kai. Magnetait ne a cikinsa, amma wanda aka yi bincike da shi ya fi gari laushi nesa ba kusa ba. Yashi zai zauna a ƙasa ya cinye wuri, sai an shiga an kwashe. Ban ba da shawara ba.

Wani abin lura ga masu molas, da waɗanda ke kusa da masana'antar sukari ta Kenana suna tunanin ragowar ruwan masana'antar itanol: duka biyun suna ɗauke da salfet, wani gishiri mai sinadarin farar wuta. Akwai bakteriya masu numfashi da salfet, kuma sun fi masu metan iya kama haidirojin. Elektiron ɗin da ya kamata ya zama metan sai ya zama iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke cin tagulla da ƙarfen murhu. Ruwan rijiya mai ɗaci ma yana kawo haka. A sa bututu mai faɗin inci 4, tsawon rabin mita, a cika da ɓarɓashin ƙarfe mai tsatsa daga wurin masu walda a gauraya da ɓawon gyaɗa, gas ya bi ta ciki. In ya yi baƙi a fitar a baje shi a inuwa a yayyafa ruwa, don yana ɗaukar zafi in ya sha iska, har yakan kama wuta in an tara shi wuri ɗaya.

Alhaji Sale: Tunda an ambaci shiga ciki, don Allah a ji ni. Kada kowa ya shiga rumbu ko ya zura kai, ko da an kwashe shi. Iskar nan in ta yi yawa hanci yana daina jin warinta, mutum ya faɗi kafin ya yi kira. Kuma kar a gwada wuta a bakin rumbu, a murhu ake gwadawa. Metan kashi 5 zuwa 15 a cikin iska fashewa yake yi, kuma bayan kwashewa iska takan shiga ƙubba. Cikar gas ta farko da ta biyu a sake su a fili, nesa da wuta.

Malam Haruna: Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: ta yaya za mu san ko gawayin ne ya yi aiki ko bikabonat da haƙuri?

Ustaz Adamu: A babban rumbun ba za ka taɓa sani ba, Malam, tunda komai za a yi masa lokaci guda. In ana so a sani, a sami birmil uku masu lita 200, a zuba wa kowanne lita 150 na ruwan rumbu ɗaya bayan an gauraya shi sosai. Na farko a bar shi haka. Na biyu kilo 1.5 na gawayin. Na uku a sa masa fasasshen jan bulo da aka wanke, girman tsaki ɗaya, cikin mudu daidai da na gawayin, don yana da ramuka amma ba ya wuce lantarki. Kowanne da tiyub ɗin mota na tara gas, abinci iri ɗaya, awa ɗaya. In na biyu da na uku sun yi kunnen doki, mafaka ce ta yi aiki. In na biyu ya wuce, to akwai magana, ko da yake toka da riƙe guba ba su fita daga zargi ba.

Dakta Maryam: A wanke gawayin sosai kafin a jiƙa, tokar za ta ragu. Kuma a binne birmil ɗin har wuya ko a yi musu rumfa. Masu metan na rumbun gida sun fi son digiri 35 zuwa 37, kuma sauyin da ya wuce digiri ɗaya ko biyu a rana yana taɓa su. Baƙin birmil a ranar Gadarif zai haura 45 da azahar ya sauko da asuba, wannan kaɗai zai rufe duk bambancin da ake nema. A riƙa auna gas da gwajin sirinjin Injiniya a awa ɗaya kullum, aƙalla kwana 40, a rubuta a littafi. In an samu adadin, Malam, a kawo mana nan mu duba tare.